Ranar da Yaya Ulises Ya Yi Ritaya

Masu cewa na yi shiru kwana biyu, ku yi haƙuri. Ba jan aji nake muku ba, hannuna ne ya ƙi rubutu. Yau dai na ce ko me zai faru sai na ba ku labarin ranar da iyayen Efraín suka zo neman aurena, don in na ci gaba da riƙe shi a ciki zai iya kwantar da ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nallely. Shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin wani likitan haƙori a nan Monterrey. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya Ulises, kuma wata bakwai ke nan da babbar mota ta buge shi a kan babur yana hanyar aiki. Da ma an shirya iyayen Efraín za su zo a watan da ya rasu, sai aka ɗage. Tun daga nan Mama da Gwaggo Chayo, ƙanwar Baba, suka sa ni a gaba: namiji ba ya jira har abada, yaron nan ya yi haƙuri, ke ba yarinya ba ce. Kamar ni ce na ce ba na so! Ina son Efraín, son da har kunyar kaina nake ji. Abu ɗaya ya rage mana, Baba ya buɗe baki ya ce ya ba shi ni, kuma ni ba zan bar gidan nan ba tare da wannan kalmar ba.

Matsalar ita ce Baba ba ya tare da mu. Jikinsa na falo, amma ransa na cikin na'urar gem ɗin da Yaya ya bari.

Duk unguwarmu haukan ƙwallon ƙafa ake yi, mu kuwa gidanmu ƙwallon Amurka muka sani. Yaya ya fara tun yana ɗan shekara takwas har ya gama jami'a, aikinsa cafe ƙwallo in an jefo, lambarsa tamanin da huɗu. Da ya daina, sai ya sayi gem, ya ƙera ɗan wasa da sunansa da gemunsa da lambarsa, ya yi ta buga masa kakar wasa bayan kaka. Shekaru na gudu a cikin na'ura. Yaya ya rasu yana da ashirin da tara, amma na cikin gem ya kai talatin da biyar, gudunsa ya ragu, yara sabbin jini duk sun fi shi sauri. Abin da ya rage masa wayo ne. Sai ya raɓe a bakin farin layin gefe, a jefo masa ƙwallo can inda ba mai kaiwa, ya miƙe ya cafe ta, ya ja yatsun ƙafafunsa biyu a cikin fili kafin ya faɗi waje. Bai taɓa cin kofi ba, don Yaya da taurin kai a mataki mafi wuya yake bugawa, kuma ya sha faɗa mana wannan kakar ita ce ta ƙarshe.

Wata uku Baba ya yi ba ya magana sai "to" da "a'a". Ran nan bayan mun dawo coci, sai ya ɗauko hannun gem ɗin ya ajiye mini a cinya.

"Wasa nawa ya rage masa?"

Na ce da saura da yawa.

"Ki ƙarasa masa. Yatsuna sun sandare, ba zan iya ba."

Daga ranar, kowace Lahadi ƙarfe huɗu, wasa ɗaya. Baba zai rataye rigar Yaya a bayan kujera, ya zauna a gefenta, yana yi wa talabijin ihu, "Ja ƙafa, ɗana! Ja ƙafa!" Ranar ce kawai yake cinye abincinsa. A haka muka lallaɓa har muka kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma ya faɗo daidai Lahadin da baƙi za su zo.

To ranar Juma'a da rana Gwaggo ta kai Baba asibiti awon suga. Efraín ya tashi aiki ƙarfe biyu, ya biyo da rigar kamfaninsu a jikinsa, hannunsa riƙe da ledar mangwaro. Shi ɗan Papantla ne, can Veracruz, ƙwallon Amurka kuwa ko ina gaba ina baya bai sani ba.

"Ki koya min ko kaɗan ne," in ji shi. "Jibi kada in zauna gaban Baba kamar buhun masara."

"Kai da ko dokar wasan ba ka sani ba?"

"Ba ga malama ba?"

Na yi dariya, na kunna masa wurin atisaye, inda ko an ci ko an faɗi ba a rubutawa. Na nuna masa maɓallin.

"Ka ga farin layin nan? In ƙwallo ta same shi a nan, danne wannan ka riƙe. Shi ke sa ya dasa ƙafa biyu a ciki. Ka saki da wuri, ƙafa ɗaya ta taka layi, alƙali ya ce ba a kama ba."

Ya gwada sau goma, sau goma Yaya na faɗawa waje. Na ce masa ƙauye ya yi masa yawa, ya ce ai ƙauyen na gani na ce ina so. Muna cikin haka Mama ta leƙo daga kicin da cokali a hannu, ta ce in ban je na karɓo rigata wurin tela yanzu ba, matar za ta rufe shago sai Litinin. Na ɗauki jakata, na ce masa, "Kada ka fita daga nan. Ka ji? Nan kawai."

Awa ɗaya na yi. Rigar ta yi mini yawa a ƙugu, sai da aka rage.

Da na dawo, falo shiru. Efraín na zaune a bakin kujera, hannun gem a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Na kalli talabijin. Ga Yaya nan ba hular kwano, sanye da kwat, yana ɗaga wa 'yan kallo hannu. Turancina ba mai yawa ba ne, amma na karanta abin da ke rubuce a ƙarƙashinsa. Ya yi ritaya.

Rigar ta zame daga hannuna.

"Efraín, me ka yi?"

"Atisayen ne ya ƙare, ya kawo wani rubutu, na danna. Na ɗauka wani atisayen ne, Nallely. Na ga mutane sun cika fili, na ce ko haka yake. Saura daƙiƙa huɗu ana cinmu da uku, na jefa masa a bakin layi yadda kika ce. Ya kama fa, na rantse ya kama. Na saki maɓallin ne da wuri."

Na fizge hannun gem ɗin, na shiga nan na fita can. A banza. Na'urar da kanta take adana komai da zarar an tashi wasa, kuma ba ta komawa baya. Kakar wasa ta ƙare, an cire sunansa daga ƙungiya. Na zauna a ƙasa na fasa kukan da ko ranar jana'iza ban yi irinsa ba. Na zagi Efraín, ban ɓoye muku ba. Na ce masa wawa, na ce wa ya aike shi, na ce ya kashe mana shi karo na biyu. Hawaye kawai yake sharewa da bayan hannu.

Mama ta fito ta tsaya a kanmu har ta gane abin da ya faru. Ta yi alamar gicciye, ta dafa bango.

Efraín ya miƙe. "Mama, zan jira Baba in faɗa masa da bakina."

"Za ka faɗa wa wa? Zauna! Iyayenka awa goma sha biyu za su yi a mota gobe, sannan ka tari mutumin nan da wannan? Wallahi ko sunanka ba zai sake yarda a ambata a gidan nan ba." Ta juyo kaina. "Ke, ba ke kika iya abin ba? Yadda yayanki ya ƙera shi, ki ƙera wani."

"Mama, ba shi ba ne zai zama."

"Da can shi ne? Ɗana na maƙabarta, ni nake kai masa fure duk Alhamis ni kaɗai, uban naku ko ƙofar wurin ya ƙi takawa. Na rasa ɗaya, ba zan zauna ina kallo ki tsufa a falo kina danna roba ba. Ki ƙera shi, a wuce Lahadi, sauran Allah ya san yadda zai yi da mu."

Kada ku ga laifin Mama da yawa. Ni ma da na so, da na ce a'a.

Ranar Asabar da safe Baba ya tafi sayen nama da gawayi. Na san shi, sai ya yi awa biyu yana musu da mahauci a kan kaurin yanka. Na rufe ƙofar falo na zauna. Na zaɓi launin fata, na zaɓi gemu, na gyara hanci sau biyar. Baƙar safar hannu, farin ƙyalle a wuyan hannun hagu, tamanin da huɗu. Na rubuta sunansa harafi bayan harafi ina kuka. Sannan na zo wurin da ake sa ƙarfi da sauri. Na san ya kamata in rage gudun, in mai da shi tsoho yadda yake. Amma sai na tuna shi yana ɗan shekara sha tara, ranar da ya tsere wa mutum uku a filin jami'a, Baba ya jefa hularsa sama har ta ɓata. Hannuna ya ƙi ragewa. Na cika masa gudun har ƙarshe, na ce ai ko sau ɗaya ya sake gudu.

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Efraín ne.

"Kin ci abinci?"

Wani saƙon ya biyo baya.

"Iyayena sun taso. Sun kawo miki vanila, mai sa abinci ƙamshi, daga gonar kawu."

Na rubuta, "Na ƙera shi. Gobe ka yi shiru kawai."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can ya turo, "Ba na son in karɓe ki da ƙarya."

"To ka zaɓa, ƙarya ko rashina."

Na ga ya karanta. Na kifa wayar a kan kujera, na ji na tsani kaina.

Lahadi ta zo da zafin da ya fi na kullum. Na sa rigar, ruwan zuma mai ƙananan furanni a wuya, da 'yan kunnen kakata. Mama ta yi mini kitso ɗaya ta naɗe shi a ƙeya. Baba ya fito da farar riga mai maɓallan ƙarfe, bel mai faɗi, da takalmansa dogaye da bai sa ba tun jana'iza. Shi ya tsaya kan gashi a tsakar gida, hayaƙi ya cika layi, maƙwabta na leƙe ta saman katanga. Ƙarfe ɗaya baƙi suka iso: mahaifin Efraín, Don Anselmo, ɗan gajeren dattijo mai sanyin murya, da matarsa ɗauke da kwando cike da burodi da lemo da kwalbar vanila. Efraín na bayansu da fure, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya tashi daga jinya.

Gwaggo Chayo ta daki kafaɗarsa. "Kai, ango, aure ka zo nema ko gaisuwar mutuwa? Saki fuska mana, ba cizo muke ba!"

Aka ci nama da wake da tortiya, gurasar masara, mai zafi. Don Anselmo ya yaba gashin har sau uku. Da aka kwashe kwanuka, ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya dubi Baba.

"Don Heriberto, kun san abin da ya taso mu daga nesa..."

Baba ya ɗaga hannu yana kallon agogo. "Ku gafarce ni. Ɗana na da wasa ƙarfe huɗu, kuma babba ne. In an tashi, sai mu yi maganar yaran nan da kwanciyar hankali."

Baƙin suka kalli juna. Efraín ya riga ya ba su labarin wasan Lahadi, sai suka ce ba komai. Na riga kowa shiga falo, na haɗa wasan sada zumunci da ƙungiyoyin nan biyu, na wuce duk rubutun da zai tona ni kafin in ce su shigo. Baba ya rataye rigar a bayan kujera, ya zauna a inda ya saba.

Jifan farko na ba shi a tsakiyar fili. Jama'a, yaron nan ya tashi! Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, na uku ko ƙurarsa bai gani ba, sai ga shi a ƙarshen fili. Gwaggo ta yi tsalle tana ihu, Don Anselmo na tafi duk da bai san me ake ciki ba. Ni kaina na manta, zuciyata ta yi fari na daƙiƙa ɗaya.

Sai na lura Baba bai motsa ba.

Aka ci gaba. Na sake jefa masa, ya sake tserewa. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Nallely, ba shi a bakin layi."

Na ba shi. Ya riga mai tsaronsa isa da taku biyar, ya tsaya ya jira ƙwallon, ya kama a tsaye, ya fita abinsa. Ba miƙewa, ba jan ƙafa, don bai buƙata ba.

"Tsayar da wasan."

Na tsayar. Kowa ya juyo yana kallon Baba.

"Ɗana ya yi shekara uku bai tsere wa kowa ba," in ji Baba, a hankali. "Da dabara yake ci, a kan yatsun ƙafa. Wannan yaro ne. Wane ne wannan kika sa wa rigar ɗana?"

Mama ta yi caraf. "Heriberto, na'ura ce fa, wata rana takan..."

"Socorro, ba da ke nake ba."

Na buɗe baki. Na shirya in ce wuta ce ta ɗauke ta lalata komai, har na fara, "Baba, ranar Juma'a wutar..." Sai na ji kujera ta motsa. Efraín ya zo gaban Baba ya durƙusa, a gaban iyayensa, a gaban kowa.

"Baba, ni ne. Na zo koyo ba kwa nan, na shiga wasan gaske ban sani ba, aka cinye ni. Ya yi ritaya tun shekaranjiya. Ku yi mini duk hukuncin da kuka ga dama."

Mahaifiyarsa ta toshe baki. Gwaggo ta ce, "Wayyo Allah," ta zauna. Baba ya kalli Efraín.

"Yaya aka ƙare?"

"Ana cinmu da uku, saura daƙiƙa huɗu. Na jefa masa a bakin layi."

"Ya kama?"

"Ya kama, Baba. Da hannu biyu."

"Ƙafa fa?"

"Ɗaya a ciki. Ɗayar ta taka layi. Laifina ne, na saki maɓallin."

Baba ya gyaɗa kai. "Ƙafa biyu dokar ƙwararru ce, ta can Amurka. A jami'a, inda ɗana ya yi wasa da jikinsa, ƙafa ɗaya ta isa. Ya kama." Ya juya ya dafa rigar da ke bayan kujera. "Ka kama, ɗana. Ka huta."

Sannan ya sa fuskarsa a cikin rigar ya yi kuka, irin kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Mama ta rungume shi ta baya. Har Don Anselmo sai da ya ciro hankici. Ni kuwa ina tsaye da hannun gem, a talabijin kuma baƙon yaron nan na tsaye da gemun yayana yana jiran in danna.

Da ya natsu, Baba ya share fuska, ya kama Efraín ya ɗaga shi.

"Tashi. Kuskure ka yi, kuma ka faɗa da bakinka." Ya dubi Don Anselmo. "Kun yi tarbiyya. Abin da kuka zo nema na ba ku. Ku sa rana, kada ta yi nisa."

Gwaggo ta fara tafi, ta ga ba wanda ya taya ta, ta bari. Wannan ce kalmar da na yi wata bakwai ina roƙon Allah in ji. Na ajiye hannun gem, na matsa kusa da shi, na durƙusa in karɓi albarka yadda ake yi, na sunkuyar da kai ina jiran hannunsa a goshina.

"Baba..."

Ya ɗauki rigar Yaya ya ninke ta a hannu. Ya bi ta gefena ya wuce, ko kallona bai yi ba. A bakin ƙofa ya tsaya, ya yi magana da Mama, amma kowa ya ji.

"Socorro, ki faɗa wa 'yarki ta kashe abin nan. Efraín baƙo ne, bai san ɗana ba. Ita ta san shi."

Yau kwana tara ke nan. An sa rana, watan gobe. Baba na gaisawa da Efraín, har yana tambayarsa aiki. Ni kuwa duk safiya ina kai masa kofi, sai ya ce wa Mama ta ce mini an gode.